Adakar Alhaji: Yadda Aikin Kwafe Littattafan Kakanmu Yake Tafiya

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Yau aka fito da adakar Alhaji daga ƙarƙashin gadon Hajiya. Tun rasuwarsa take nan a kulle, kowa a gidan ya san takardu ne a ciki, amma ba wanda ya taɓa zama ya duba. Za a taɓa rufin ɗakin kafin ruwa ya zauna, shi ya sa Baffa ya ce a fitar da ita, ya kuma ɗora mini aikin: in tantance abin da ke ciki, in ɗauki hoto, a tura wa dangi ta WhatsApp kowa ya samu.

Littattafai goma sha huɗu na tarar masu bangon kwali, irin na ciniki. Goma sha biyu da ajami, biyun ƙarshe da boko. Akwai kuma gafaka mai ɗauke da tsofaffin takardu marasa ɗinki a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, Hajiya ta ce na mahaifin Alhaji ne. Gara ta shigo ta gindin adakar ta ci gefen littattafai uku, ɗaya kam ta cinye masa kusan rabi. Alhaji ya yi fataucin goro tun yana saurayi, daga baya ya koma yadi a Kantin Kwari, a shagon da nake zama yanzu tare da Baffa.

Na sayi memori naira 6,000 da burushi mai laushi na kakkaɓe ƙura naira 800. A lissafina aikin mako biyu ne.

Alhamis, 19 ga Yuni

Hoto kawai. Bayan la'asar nake yi a tsakar gida, in shimfiɗa farin ƙyalle, in ɗora littafi, in bi shi shafi-shafi. An gama biyar.

Asabar, 28 ga Yuni

Da safe labarin rasuwar Alhaji Aminu Dantata ya karaɗe gari, Allah Ya jiƙansa. Kasuwa ba ta yi armashi ba, na dawo gida da wuri na zauna in karanta abin da na ɗauka. Nan aka zo inda gizo ke saƙar. Littafi tara a cikin waya, amma layi guda ban iya fitarwa ba.

Ni ɗan Islamiyya ne, da bugun Hafsu na saba. Alhaji kuwa ɗan allo ne, da Warshu ya tashi, hannunsa irin namu na nan ne mai kauri: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wasalin da muke rubutawa da "e" a boko shi ɗigo ne babba a ƙarƙashin baƙi. Idan yana sauri kuma ba ya sa wasali sam, sai baƙaƙe tsirara. Na gwada manhajar nan da ke karanta rubutu daga hoto, ta ɗauka Larabci ne, ta zubo mini kalmomin da ba kai ba gindi.

Bayan magariba na je wajen Alaramman unguwarmu, wanda ya san Alhaji tun yana da rai. Na miƙa masa waya, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Ɗan nan, idona ba zai ɗauki wannan hasken ba. Kawo littafin."

"Allah gafarta Malam, sun tsufa, ina tsoron yawo da su."

"Ɗaya-ɗaya za ka riƙa kawowa a cikin gafaka. Kuma ka zo da naka littafin da alƙalami. Abin da muka karanta ka kwafe shi da ajaminsa yadda ya rubuta, a ƙasa ka juya shi boko."

Na ce da zan buga a waya ai zai fi sauri. Ya ce in gwada. Allon rubutun Larabci na wayata ba shi da wasu baƙaƙen da Bahaushe ya ƙara don sautin bakinsa, kuma fa da ƙaf ɗinsa na Gabas ne, duk abin da na buga ba shi Alhaji ya rubuta ba. Gobe zan sayi littafi.

Talata, 8 ga Yuli

Littafi mai bangon kwali naira 2,500, biro baƙi guda biyar naira 1,000. Muna zama bayan sallar asuba, kafin in fita kasuwa. Shafi biyu ko uku muke ci, ranar da hannun Alhaji ya yi gudu da yawa shafi ɗaya.

Mun fara da littafi na huɗu saboda shi ya fi lafiya. Yawancinsa lissafin goro ne: huhu kaza daga Kudu, ƙwarya kaza ga wane, marsa daban, minu daban, wanda ya lalace a hanya an ware shi. Kuɗin da fam da sule da sisi da taro. Sai da Malam ya zaunar da ni kan lissafin: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, fam ɗari jaka. A tsakiyar littafin kuɗi ya canja. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Alhaji ya yi watanni yana rubuta kowane ciniki sau biyu, naira a layi, fam a gefe da ƙananan baƙaƙe. A hankali na gefen ya riƙa raguwa har ya ɓace. Ba inda ya ce sabon kuɗi ya ba shi wahala, amma duk wanda ya bi shafukan nan da hannunsa zai ga lokacin da zuciyarsa ta yarda da naira.

A tsakanin lissafin yakan jefa labari, layi ɗaya ko biyu. Cikin Zulhajji 1392 ya rubuta cewa jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgi, bai buɗe ciniki ba, ya je jana'iza. Wannan shi ne hatsarin 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda zai kai su Legas, yanayi ya sa aka juyo da shi Kano, mutum 176 suka rasu. A ƙarƙashin layin ya jera sunaye uku da addu'a. Alƙalamin ya danne takardar a wurin har ya fito ta baya. Malam ya sa yatsa ya shafa, ya yi shiru, sannan ya ce mu tashi haka yau.

Juma'a, 11 ga Yuli

Memori ya mutu. Jiya da dare waya ta ce ba ta gane shi ba, na cire na mayar, na sa a wayar ƙanwata, duk ɗaya. Na kai wa mai gyara, ya sa a kwamfuta ya bar shi kusan awa biyu, ya ceto hotuna kaɗan, su ma rabinsu ya zama toka-toka. Ya karɓi naira 3,000 na wahalarsa. Hoton littafi tara ya tafi, ban kai ga tura wa kowa ba saboda ina jira in gama in shirya su bi da bi.

Na kwana da ɓacin rai. Da asuba da na zauna gaban Malam sai na lura da wani abu. Littattafai taran nan da na ɗauka, in an ce in faɗi abu ɗaya da ke cikinsu ba zan iya ba, ido na yana kan ko hoto ya fita ne kawai. Shafukan da na kwafa da hannu kuwa, na san wane dillali ne yake jinkirin biya, na san watan da goro ya yi tsada, har na fara gane yadda Alhaji yake jan wutsiyar nun ɗinsa idan ya gaji. Malam ya buɗe wani shafi da ba mu taɓa ba, na karanta layi huɗu ba tare da ya sa baki ba.

Za a sake hoton, dole. Wannan karon kowace rana zan tura abin da na ɗauka zuwa imel da wayar Baffa. Amma kwafar hannu ita ce aikin yanzu, hoto ya zama mataimaki.

Lahadi, 20 ga Yuli

Littafi na huɗu ya kai rabi. Sabon memori naira 7,500, data naira 3,000.

Ƙanwata tana karatun koyarwa a Jami'ar Bayero, ta ga ina ta fama ta ce ai an yi bincike kan irin wannan. A 2014 wasu masana biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun gwada ɗalibai masu ɗaukar darasi da kwamfuta da masu rubutawa da hannu. Masu kwamfuta sun fi tara kalmomi, domin suna kwashe maganar malami yadda ta fito. Masu hannu ba sa iya wannan gudun, dole su tace su taƙaita, kuma su suka fi amsa tambayoyin fahimta. Ta ƙara da cewa waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka ga tazara mai yawa ba, don haka kada in ɗauke shi yankan wuƙa. Ta kuma ce a 2023 gwamnatin Suwidin ta juya akalar ƙananan makarantunta zuwa ga littafin takarda da rubutun hannu, bayan shekaru suna dogaro da na'ura.

Ni dai hujjata tana cikin durowar shagonmu. Na ciro rasidan POS na bara in duba wani ciniki da ake gardama a kai, na tarar da farar takarda, rubutun ya gudu. Irin takardar nan ba tawada ake zuba mata ba, zafi ne yake ƙona rubutun a jikinta, shi ya sa zafin Kano da hasken rana suke shafe shi cikin watanni. Lissafin Alhaji na shekara hamsin da biyu kuwa yana nan baƙi wuluk. Na buɗe littafin bashi a shago, ban da wanda ke cikin waya. Duk wanda ya ɗauki yadi zan rubuta a gabansa, ya sa hannu ko ya dangwala.

Asabar, 2 ga Agusta

Daren jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska. Na ajiye littattafan a soro, a kan benci, tunda ɗakin Hajiya ba a gama shi ba. Indararon soron ya toshe, ruwa ya taru a saman ya samu hanya ta jikin azara, ya ɗiga daidai kan bencin. Wuta kuma an ɗauke tun magariba. Da tocilar waya muka kwashe su ni da ƙanwata, Hajiya tana daga ƙofa tana salati.

Littattafai biyu suka jiƙe, na biyu da na bakwai. A nan na ga bambancin tawada da idona. Na biyu da zuge aka rubuta shi, tawadar gawayi da ƙaro, irin ta allo. Ita dama an yi ta ne don ta wanku, ruwa yana taɓa ta ta narke. Shafi goma sha ɗaya sun zama baƙin dabbare, kuma suna cikin waɗanda hotonsu ya tafi da memori ban kai ga sakewa ba. Waɗannan sun tafi ke nan. Na bakwai da tawadar bagaruwa aka yi shi, wadda take kama jikin takarda, ya jiƙe sharkaf amma ko ɗigo bai motsa ba.

Ba mu kai su rana ba, don rana tana sa takarda ta kanannaɗe ta yi ƙarau. Mun tsayar da su a buɗe a ɗaki mai iska, muna sa farar takarda tsakanin shafuka, in ta sha ruwa a canja. Rim ɗaya naira 6,500, ya kusa ƙarewa. Mai gyaran indararo naira 4,000.

Hajiya ta ga na zauna na yi tagumi, ta ce, "Maigidan, wanda ya rage ya fi wanda ya tafi yawa. Tashi ka ci abinci."

Laraba, 6 ga Agusta

Sun bushe, ba fumfuna. Baffa ya ce a kai su duka a yi musu laminatin a huta. Na tambayi wani abokin karatuna da yake aikin adana kayan tarihi, ya ce kul. Zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga jikin takarda, ba a iya cirewa, kuma bayan shekaru sai ta yi ja ta farfashe a ciki. Salatif ma ya hana. Ya ce a naɗe kowane littafi da farin ƙyallen auduga da aka wanke, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa. Baffa ya yarda. Yadi huɗu na farin akoko daga shago, bai karɓi kuɗi ba.

Abokin nawa ya ce in ɗaga takardun cikin gafaka in duba su a haske. Na ɗaga, sai ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Irin wannan a Italiya ake yin ta, fatake suke ƙetaro Sahara da ita ta Turabulus har Kasuwar Kurmi, malaman da suna ji da ita wajen rubuta Alƙur'ani da littattafai. Tunda ta yi tsada, mahaifin Alhaji bai bar ko gefe ba, har kan kusurwa ya yi rubutu. Waɗannan sai ƙarshe, Malam ya ce yawancinsu fiƙihu ne da addu'o'i.

Lahadi, 10 ga Agusta

An gama littafi na huɗu, an shiga na biyar. Hoto ya koma littafi shida.

Lahadi, 17 ga Agusta

Tsarin Alhaji a bashi ɗaya ne: ya rubuta suna, garin mutum, adadi da wata. Ranar da aka biya ya ja layi a kai, ya sa "ya biya" ko "na biya" a gefe. Malam ya ce wannan ba dabarar kasuwa kaɗai ba ce, umarni ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take.

A littafi na biyar mun ci karo da guda biyu da ba a ja musu layi ba, kuma duka Alhaji ake bi. Ɗaya naira tamanin, kuɗin goro na wani abokin cinikinsa. Ɗaya ajiya ce, naira ɗari da ashirin, wani mutumin ƙauye ta wajen Bichi ya ba shi zai tafi Makka ta ƙasa. Shafin yana kusa da inda ya rubuta kisan Janar Murtala cikin Safar 1396, wato 13 ga Fabrairu, 1976, da yadda aka kawo gawarsa Kano.

Na kai wa Baffa da daddare. Ya sa na karanta masa sau biyu.

"Ka tabbata ba a soke ba?"

"Baffa, ga hoton, ba layi."

"An raba gado ba a san da wannan ba. Idan hakkin mutane ne a kan mahaifinmu, ba za mu kwana da shi ba."

Ya kira Gwaggo a waya, ta ce gobe za ta zo. Ɗari da ashirin a wancan lokacin kuɗi ne na gaske, yadda za a ƙiyasta shi yau kuma sai malamai.

Litinin, 25 ga Agusta

Ɗaya ya warware. Gwaggo ta ce ita ba ta yarda da hoto ba, a kawo littafin. Ta kai shi bakin ƙofa ta karkata shi, hasken safiya ya bi ta gefen takardar. A kan naira tamanin ɗin nan akwai layin fensir siriri, ya koɗe har ido ba ya kama shi in an kalle shi kai tsaye, amma sawun da bakin fensirin ya bari a takarda yana nan. A gefe "na biya", da watan. Gwaggo ta ce Alhaji yana yawo da guntun fensir a aljihu idan zai yi tafiya, wataƙila a hanya ya haɗu da mutumin. Na koma kan hoton na buɗe shi iya buɗewa, ba komai. Da a ce mun yi hoto mun bar littattafan ga gara, da yanzu muna neman magadan mutumin da aka sallama tun kafin a haife ni.

Ajiyar kuwa mun karkata shafin ta kowace fuska, ba layi, ba sawu.

Na tsallaka na leƙa littattafan boko ko zan ga wani bayani. Daga 1981 suka fara. Hajiya ta ce lokacin Gwamna Abubakar Rimi ne, da aka kafa hukumar ilimin manya a 1980, Alhaji ya shiga ajin dare yana da furfura. Bokonsa manya-manyan baƙaƙe ne a rarrabe, kamar mai taka tsani a hankali, kuma duk inda abu ya yi muhimmanci sai ya koma ajami a gefe. Mutumin da ya shekara talatin yana riƙe da lissafin fatauci a rubuce, a takardun hukuma sunansa wanda bai iya karatu ba. Wannan yana ci mini rai. Tun da Baturen nan Hanns Vischer, da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909 ake ta ture ajami gefe, har a 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira. Adaka nawa ce irin wannan a lungunan Kano, jikoki suna ganin takardun suna zaton laya ce ko tarkace?

Ban samu komai kan ajiyar ba tukuna.

Asabar, 6 ga Satumba

Jiya hutun Maulidi, ban fita kasuwa ba, na yi lissafin inda aka kwana.

An kwafe littafi na huɗu da na biyar da hannu, ajami da boko, na shida ya kai kashi ɗaya cikin uku. Yanzu ni nake karantawa Malam yana gyara, sai inda gara ta ci ko sunan gari ya shige mana. An sake hoton littattafai goma sha ɗaya, suna wuri uku. Shafi goma sha ɗaya na littafi na biyu sun salwanta, na bar musu gurbi a nawa littafin da bayanin abin da ya same su. Kuɗin da ya fita zuwa yau naira 34,300, ban da abin da nake kai wa Malam ranar Alhamis, wanda ba ya shiga lissafi. Baffa ya mayar mini da 20,000.

Littafin bashin shago ya riga ya raba gardama ɗaya. Wani abokin ciniki ya ce bandir biyu ya ɗauka, na buɗe masa shafin ya ga sa hannunsa a kan uku, ya ce haka ne, ya manta.

Abin da ke gaba: akwatin ƙarfe, an ce mini naira 18,000, sai ƙarshen wata. Sai kuma sabon littafin da zan ci gaba da kwafa a ciki, tunda na farko ya kusa cika. Ƙanwata za ta fara zama da mu ranar Asabar da Lahadi da nata littafin, don kada karatun hannun Alhaji ya tsaya a kaina ni kaɗai. Malam ya ce mu bi littafi na shida da na bakwai a tsanake kafin a yanke hukunci kan ajiyar, domin mai tafiya Makka ta ƙasa yakan shekara biyu ko uku bai dawo ba, mai yiwuwa Alhaji ya rubuta mayarwar a wani littafin. Idan mun kai ƙarshen na bakwai ba mu gani ba, ni da Baffa za mu tafi Bichi da sunan mutumin da na ƙauyensu, mu fara tambaya daga gidan dagaci.